Kamara ko karatu? Amsa ga ɗalibi mai son shirya fim a Damagaram

Wani ɗalibi da ke shekara ta biyu a sashen ilimin ƙasa na Jami'ar André Salifou ya aiko mini da tambaya. Ya ce tun yana lise yake ɗaukar gajerun finafinai da salularsa, shi da abokansa. Ya gama uku, amma duk wanda ya kalla sai ya ce masa kamar na Kano, sai dai na Kano sun fi kyau. Ya tara jaka 400 daga aikin bakans da gudummawar yayarsa. Abin da yake son sani: ya sayi kamara da kuɗin, ko ya ajiye karatu ya tafi Kano ya koyi aikin a inda ake yin sa? Mahaifinsa kuwa ya ce babu inda za shi sai ya karɓi lisans. Ya haɗo mini da finafinan, na kuma kalle su duka ukun, ɗaya daga ciki har sau biyu.

Ƙanena, kada ka sayi kamarar nan yanzu, kada kuma ka ajiye karatu. Dalilina yana cikin fim ɗinka na biyu, kuma ina jin kai kanka ba ka lura da shi ba.

Wajen minti na shida, jaruminka yana tsaye a ƙofar gida yana jiran budurwarsa ta fito. Can bayansa wani ɗan ga-ruwa ya turo kura ya tsaya, wata dattijuwa ta leƙo daga zaure tana ƙirga jarkoki da yatsa, ta ɗaga ɗaya ta jijjiga ta ji ko cike take, suka ɗan yi ja-in-ja kan kuɗi, ya sauke biyu ya tura sauran gaba. Duka bai fi daƙiƙa 40 ba, kuma ba kai ka shirya shi ba. Amma a cikin aikinka gaba ɗaya, nan ne kaɗai na gyara zama. Sauran kuwa ɗiyar mai kuɗi ce da saurayi talaka, motar aro, falon aro, sai waƙa a tsakiya. Masu ce maka na Kano sun fi kyau ba su yi ƙarya ba. Tun 1990 da 'yan ƙungiyar Tumbin Giwa suka fitar da fim ɗin Turmin Danya Kanawa ke wannan aiki. Suna da 'yan wasa da mawaƙa da masu kayan haske da kasuwa. In ka ce da su za ka yi tsere a kan hanyar da suka share sama da shekara 30, ƙurarsu kawai za ka sha, ko da wace irin kamara ce a hannunka.

Amma dattijuwar nan mai jijjiga jarka, babu wani darakta a Kano da ya san ta. Kai ka san ta. Ka san lokacin da famfon unguwarku ke kawo ruwa da dare, ka san wa ke tashi ya tara, ka san yadda farashin jarka ke hawa in zafi ya shigo. Kuma a aji an koya maka dalili: garin nan a kan dutse yake zaune, ƙasansa ba ya riƙe ruwa, shi ya sa ake jawo shi daga waje, daga Gogo-Macaya da Arunguza da Ganaram. Karatun da kake son ajiyewa shi ne zai ba ka idon da za ka ga abin da ke bayan hoton.

Dubi waɗanda suka riga ka. Sani Magori ɗan Galmi ne, aikin gona ya karanta kafin ya taɓa kamara, kuma fim ɗin da ya fito da sunansa a 2008 a kan albasa ne: wani gida a garinsu da auren ɗiyarsu ke jiran abin da gonar albasa za ta bayar. Wanda bai san noman albasa da yadda farashinta ke faɗuwa lokacin kaka ba, ba zai ga labari a wurin ba. Aïcha Macky 'yar garin nan ce, a nan aka haife ta a 1982. Ilimin zamantakewa ta fara karantawa a Jami'ar Abdou Moumouni, sannan ta yi masta a fannin fim ɗin gaskiya a makarantar IFTIC ta Yamai. Fim ɗinta na 2016 a kan rashin haihuwa, daga cikin rayuwarta ta ciro shi, ya kuma ci kyautar Africa Movie Academy Awards. Wanda ta fitar a 2021 ta sa masa sunan garin nan, a Kara-Kara ta ɗauke shi, cikin samarin da muke kira 'yan pale, waɗanda da yawanmu ke sauya hanya in sun hango su. Duniya ta kalli wannan fim don an shiga inda ba a saba shiga ba, kuma mutanen ciki sun yarda sun yi magana.

In ka ƙara komawa baya, iyayen sana'ar a ƙasar nan sun fi ka rashin kayan aiki nesa ba kusa ba. Moustapha Alassane da zane da hasken fitila a jikin bango ya fara nuna wa jama'a hoto mai motsi, kuma fim ɗinsa na zane na 1965, wanda kwaɗi ne 'yan wasansa, yana cikin na farko-farko irinsa a Afirka. Oumarou Ganda soja ne da ya dawo daga yaƙin Indocin ya koma dako a tashar jirgin ruwa ta Abijan, a can ya haɗu da Jean Rouch, Bafaranshe mai shirya fim. Da ya tashi yin nasa fim na farko, labarin sojan da ya dawo gida ya bayar, wato abin da ya ɗanɗana. Shi ne ya fara cin babbar kyautar bikin finafinan Afirka na FESPACO da ake yi a Wagadugu a 1972. Salular da ke aljihunka ta fi abin da suka fara da shi sauƙin aiki ninkin-ba-ninkin.

To in ba kamara ba ce, me ke kashe finafinanka? Sauti. A nan zan daɗe, don a nan na taɓa ƙonewa.

Farkon shigata aikin nan na je Birni wajen wani tsohon baduku, mutumin da ya haura shekara 80, don in ɗauki hira da shi a kan yadda ake jima da rini da ɗinkin kayan doki. Lokacin hunturu ne. Na zaunar da shi a tsakar gida don hasken ya yi mini kyau, na kafa kamara taku huɗu daga inda yake, na dogara da makirufon da ke jikinta. Ya yi magana kusan awa biyu. Ya faɗi sunayen kayan aikin da ko 'ya'yansa ba su sani ba, ya rera waƙar da ubansa ke yi in yana fiɗar fata, har idonsa ya cika da hawaye. Ban sa abin ji a kunne ba, idona na kan hoto. Da na koma gida na kunna, iska ce kawai ke bugu, bu-bu-bu, muryarsa can ƙasa kamar daga cikin rijiya. Na ce in sanyi ya wuce zan koma. Kafin sanyi ya wuce Allah ya yi masa rasuwa. Hoton yana nan a wurina har yau, bakinsa na motsi, hannunsa na nuna yadda ake riƙe basilla, amma waƙar ta tafi da shi. Allah ya jiƙansa. Tun daga ranar ban ƙara danna ɗauka ba tare da abin ji a kunnena ba.

Ana cewa gani ya kori ji, amma a aikin fim mai kallo yana yafe hoto mai dishi-dishi, ba ya yafe maganar da bai ji ba. A fim ɗinka na uku, inda uba ke yi wa ɗansa faɗa, sai da na mayar baya sau uku, don injin niƙa na maƙwabta ya fi uban ƙarfin murya. Maganin wannan ba shi da tsada. Makirufo ya kasance kusa da baki, kamar taƙi ɗaya ko biyu. Ka sayi ƙananan nan da ake maƙalawa a wuyan riga, guda biyu. Kafin ka samu, ka ari salula ta biyu, ka kunna ɗaukar murya, ka sa ta a aljihun gaban rigar mai magana. Duk lokacin da za a fara, wani ya tsaya gaban kamara ya tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi, wannan tafin ne zai nuna maka inda za ka haɗa murya da hoto a wajen montaj, wato yankawa da harhaɗa fim. In akwai iska, ka naɗe makirufon da soso ko safa, ka kuma sa mutumin ya juya mata baya. Kafin ka zaɓi wuri, ka je ka tsaya minti biyu ka rufe ido ka saurara: akwai injin niƙa? Hanyar kabu-kabu ce? Maƙwabci na tada janareto in kuran ya ɗauke? Saura minti nawa a kira salla? Ɗakin ƙasa yana shanye amo, murya ta fito tas, ɗakin siminti mai rufin kwano kuwa sai ya riƙa mayar da ita, don haka ka shimfiɗa tabarmi ka rataya barguna a inda kamara ba ta gani. In an gama a kowane wuri, kowa ya yi tsit na minti ɗaya ka ɗauki shirun wurin. Kowane tsakar gida yana da irin nasa shirun, da kurciya a nesa da sautin turmi, kuma da shi za ka cike giɓin da ke tsakanin magana da magana.

Batun haske gajere ne. Ranar tsaka ba abokiyarka ba ce, tana mayar da kwarmin ido baƙin rami. Ka yi aiki da safe kafin rana ta take, ko bayan la'asar. Ka daina tsayar da mutane a gaban farin bango ko sararin sama, don salula za ta bi hasken bayan ta bar fuskar a duhu; ka taɓa fuskar a jikin allo ka riƙe har ta kulle hasken a kanta. Hasken da ke shigowa ta ƙofar zaure ya faɗo wa mutum ta gefe ya fi fitilun haya da yawa kyau, in kuma ɗaya gefen ya yi duhu, farin ƙyalle ko kwalin da aka lulluɓe da takardar azurfa ya isa ya mayar masa da haske. In salularka ta yarda, ka sa ta a hoto 25 cikin daƙiƙa maimakon 30 da take zuwa da shi, saboda kuran ɗinmu mai bugu 50 ne, in ba haka ba za ka ga hoto na kyaftawa a ƙarƙashin ƙwan lantarki. A watan Afrilu da Mayu, da zafi ke wuce digiri 40, ka cire mata riga, ka ajiye ta a inuwa tsakanin ɗauka da ɗauka, ka kuma katse kira, kada wani ya bugo maka a tsakiyar kukan 'yar wasa.

Sai montaj, inda na ga kana jin tausayin abin da ka ɗauka. Fim ɗinka na farko minti 19 ne, labarin da ke ciki kuwa bai wuce na minti 8 ba. Gaisuwa ce ta cinye maka kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Duk wanda ya shigo sai an yi ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina yara, har ƙarshe. Haka muke a rayuwa, kuma abu ne mai kyau, amma a fim gaisuwa tana zama ne in tana ɗauke da wani kaya. In mai bin bashi ya zo yana ta jan gaisuwa, mai gida na amsawa yana kallon ƙasa, kowa ya san abin da ya kawo shi amma babu mai son fara faɗa, to wannan ka bar ta da tsawonta, ita ce ma wasan. In kuwa aboki ne ya shigo su yi hira, ka yanke ka fara daga inda maganar ta ɗauki zafi. Manhajar CapCut da kake aiki da ita ta isa a yanzu. Ranar da ka samu kwamfuta mai ɗan ƙarfi, DaVinci Resolve yana da na kyauta, kuma da shi ƙwararru ke aiki. In ka gama yankan farko, ka nuna wa mutum uku da ba su fito a ciki ba, ba kuma 'yan fadarku ba. Kada ka tambaye su ko ya yi kyau, kunya za ta sa su ce ya yi. Ka zauna a gefe ka dubi hannuwansu, inda duk wani ya laluba aljihu ya ciro salula, ka rubuta mintin, nan ne za ka sa almakashi. Kuma duk abin da ka ɗauka a rana, kafin ka kwanta ya kasance yana wuri biyu. Katin memori yana mutuwa ba sallama.

Abin da ya fi sautin ma nauyi a wurina shi ne amana. Tunda na ce ka juya kamararka zuwa unguwarku, to mutanen da za su shiga ciki su ne waɗanda za ka haɗu da su gobe a masallaci da wurin suna da zaman makoki. Baƙon da ya zo daga Turai ya ɗauka ya hau jirgi ya tafi, kai kana nan. Ka faɗa wa kowa gaskiyar inda hoton zai je, ka gaya masa cewa in ya shiga WhatsApp da Facebook babu mai iya dawo da shi, har surukansa da ke Magarya za su iya gani. In ya yarda, ka ɗauki yardar tasa da muryarsa a farkon ɗauka. In ka gama montaj, su za ka fara nuna wa kafin kowa, in wata ta ce a cire inda ta yi maganar mijinta, ka cire, ko da nan ne ya fi kyau. Za ka ji zafin haka, amma ƙofar gidan za ta zauna a buɗe gare ka, kuma fim na gaba ta nan zai bi. Ka fara gaida mai unguwa kafin ka fito da kamara a titi. Ka nemi takarda daga sashenku da ke nuna kai ɗalibi ne, ka riƙe ta a aljihu. Ka nisanci bariki da ofishin 'yan sanda da shingen jami'an tsaro, a halin da ƙasa ke ciki wannan ba wurin gwaji ba ne. In aikin ya girma har kana son kai shi bukukuwan fim, ka tuntuɓi cibiyar sinima ta ƙasa, CNCN, a Yamai kan ƙa'idar izinin ɗauka.

Kuma ka sa mace a cikin ayarinka, ba a matsayin 'yar wasa kaɗai ba. Rabin labarin ruwa a garin nan a cikin gida yake, bayan labulen da aka rubuta ba a shiga. Wata 'yar ajinku da ta iya riƙe salula za ta zauna a bakin murhu ta ji abin da ba za a taɓa faɗa a gabanka ba. Ka koya mata abin da ka sani, ka kuma rubuta sunanta daidai da naka.

Waƙoƙin Indiya da na Kano da ka ɗora a finafinanka, ka cire su. Suna da masu su, YouTube zai iya toshe maka fim saboda su, kuma babu bikin fim da zai karɓi aikin da aka yi da waƙar da ba a nemi izini ba. Ka samu mai gurmi ko mai kalangu a garin nan, ka biya shi, ku rubuta 'yar takarda ku sa hannu. Ofishin kare haƙƙin mawallafa na ƙasa, BNDA, don irin wannan aka kafa shi, kuma wata rana kai ma za ka so ya kare naka.

Kuɗin nan jaka 400, ga yadda zan yi da su in ni ne. Makirufo biyu na wuyan riga, abin ji mai rufe kunne, ƙafar kamara mai ƙwari da abin riƙe salula, batir na ajiya saboda ɗaukewar kuran, da faifan ajiya guda. Ka ware wani abu na abinci da kuɗin kabu-kabu na waɗanda za su taya ka, don abokai suna yi maka aiki kyauta sau ɗaya, sau biyu, na uku sai ka ji salula a kashe, kuma ba laifinsu ba ne. Abin da ya rage ka ajiye kada ka taɓa. In ka gama finafinai biyu masu sauti mai kyau da wannan salular, za ka san da kanka wace kamara kake buƙata da kuma dalili, ba sai mai shago ya zaɓa maka ba.

Kano kuwa ban hana ka ba. Tafiyar kilomita wajen 240 ce, ba bangon duniya ba. Ka je lokacin babban bakans, in hanya da lafiya kuma baba ya amince, ka nemi a ɗauke ka ko riƙon waya ne ko ɗaukar fitila. Akwai abin da za ka koya a can da babu mai koya maka a aji: yadda ake tsara ranar aiki, yadda ake ɗaukar fitowa goma kafin magariba, yadda ake lallashin ɗan wasan da ya gaji. Ka koyo wannan ka dawo da shi gida. Bayan lisans ƙofofin da za su buɗe maka sun fi yawa: ESSCOM (tsohuwar IFTIC) a Yamai, makarantar ISIS a Wagadugu, ko Jami'ar Gaston Berger ta Sanlui a Senigal, inda Sani Magori ya yi karatun fim. Matakin masta a irin waɗannan wurare da takardar lisans ake neman sa, tare da wani aiki da za ka nuna, ka ga ke nan maganar baba da burinka hanyarsu ɗaya.

Shi baba kuma, kada ka ja da shi da baki. Abin da ya sani game da 'yan fim shi ne abin da yake ji ana faɗa a majalisa, kuma tsoronsa tsoron uba ne. Ka bari sai ka gama aikin da zan ba ka yanzu, ka zaunar da shi bayan isha'i ka nuna masa, ka bar shi ya ga maƙwabciyarsa da layinsu da ɗan ga-ruwan da yake saya wa ruwa kullum.

Ga aikin. Ka nemo ɗan ga-ruwan nan na minti na shida. Mako na farko ka bar salula a aljihu, ka bi shi kawai, daga inda yake ɗiba har gidan ƙarshe, ka taya shi tura kurar a hawa, ka ji daga wane ƙauye ya zo da wanda yake aika wa kuɗi. In ya yarda, sai ka ɗauki yini guda nasa, daga asuba zuwa lokacin da yake ƙirga cinikinsa. Kada ya wuce minti 7, babu waƙa, babu muryarka a kai tana bayani, ƙarar tayar kura da kwararar ruwa a jarka da maganarsa sun isa. Ka rubuta fassarar Faransanci a ƙasa, ka ba wani malaminku ya duba maka ita. In shi da dattijuwar sun kalla sun amince, ka turo mini, mu zauna mu bi shi fitowa bayan fitowa. Ka gaida mini baba da yayar taka.